Shanu marasa tozo a tsakiyar rairayin Nufud

Kawu ne ya fara lura, ba ni ba. Muna tsaye gaban wani falalen dutse mai zanen mutanen da a Jubba, cikin hamadar Nufud ta arewacin Saudiyya, iskar hunturu tana kaɗa mu, ni ina ta fama da waya ina neman inda hasken rana ba zai ɓata min hoto ba, sai na ji ya ce, "Kai yaro, zo ka ga wani abu, shanun nan fa ba su da tozo." Na matso na duba, wallahi haka ne. Ga ƙaho dogo ya lanƙwaso gaba, ga jiki an yi masa zane dabbare-dabbare kamar na saniya mai roɗi, amma bayan shafal yake tun daga wuya har gindin wutsiya. Kawu dattijo ne, ya yi kiwo a ƙuruciyarsa a ƙasar Jigawa kafin ya zo nan ya zauna shekara da shekaru, shi idan ya ga saniya ba hoto yake gani ba, dabba yake gani. Wannan maganar tasa ita ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayanin, don tun da muka dawo Madina mutane ke tambayata wai me muka je gani a hamada, kuma amsar ba ta ƙarewa a tsaye bakin kanti.

Mu huɗu ne muka yi tafiyar a mota ɗaya, ni da Kawu da wani abokina haifaffen Makka wanda Hausarsa ke haɗe da Larabci kamar shinkafa da wake, sai mai motar. Daga Madina muka bi ta Khaibar, muka kwana Ula, muka yanka gabas zuwa Ha'il, daga Ha'il kuma Jubba kamar kilomita 90 ce arewa maso yamma, titi ne mai kyau da ya ratsa cikin jan yashin Nufud. A dawowa muka ratse Shuwaimis wadda take wajen kilomita 250 kudu da Ha'il. Wuraren nan biyu, Jubba da Shuwaimis, UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 2015, an kewaye su da waya, ba wai ka zo ka faɗa kai tsaye ba ne.

Abu na farko da ya kamata in gyara, don ni ma da shi na tafi a kaina, shi ne maganar kogo. Idan aka ce zanen mutanen da, hankali yana tafiya wajen kogunan Faransa da Sifen, irin su Lasko da Altamira, inda ake shiga cikin duhu da fitila a ga an shafa jan ƙasa da gawayi a bango. Na nan ba haka yake ba. Yawancinsa a fili yake, a jikin duwatsu da manyan ɓaraguzan da suka gangaro, rana na dukansa, kuma ba fenti ba ne, sassaƙa ce. Mutum ya ɗauki dutse mai tauri ya yi ta ƙwanƙwasa fuskar dutsen yashi har siffar ta fito. Kogo akwai shi, a harrar Khaibar, wato filin baƙaƙen duwatsun aman wuta, akwai Ummu Jirsan, ramin da narkakken dutsen aman wuta ya bari, tsawonsa ya kusa kilomita ɗaya da rabi, an samu tarin ƙasusuwa a ciki waɗanda kuraye suka yi ta jidowa tsawon dubban shekaru, an kuma samu alamar makiyaya sun riƙa fakewa a wurin da dabbobinsu. Amma babban abin kallon a sarari yake.

To yanzu tambayar da abokina ɗan Makka ya yi tun a mota, kuma ita ce tambayar kowa mai hankali: wa ya ce shekarun zanen nan dubu bakwai ko takwas, an rubuta kwanan wata ne a jiki? Tambaya ce mai kyau kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Awon da aka fi sani, na kabon, sai abin da ya taɓa zama mai rai yake aunawa, ƙashi, gawayi, itace. Sassaƙa kuwa rami ce kawai a dutse, babu abin da za ka ɗiba ka kai ɗakin gwaji. Saboda haka masu binciken dabaru suke haɗawa, ɗaya ta tallafi ɗaya.

Fuskar dutsen hamada tana da wani baƙin rufi mai ƙyalli, kamar yadda gindin tukunya ke yin baƙi a hankali, ƙura ce da sinadaran ƙarfe da manganis suke taruwa a kai cikin dubban shekaru. Idan ka sassaƙa, ka fasa wannan rufin, farin dutsen ciki ya fito fes. Daga nan kuma rufin ya fara komawa sannu sannu. Shi ya sa a dutse ɗaya za ka ga wani zanen ya yi duhu har ya saje da jikin dutsen sai rana ta karkata kake iya ganinsa, wani kuma fari tas kamar jiya aka yi. Ko kai da ba ka yi karatun abin ba idonka zai gaya maka wanne ne yaya wanne ne ƙane. Sannan akwai hawa kan juna, mutanen nan ba sa jin kunyar yin zane a kan na magabata, to wanda ke sama ai shi ya zo daga baya, kamar dai bangon da aka yi wa yaɓe sau uku. Idan aka bi dubban zane ana duba wanne ya hau wanne sai jerin ya fito, kuma a Shuwaimis jerin nan a bayyane yake: mafarauta da baka da karnuka a ƙasa, makiyaya da shanu a kansu, can daga baya sai raƙuma da mahaya da rubutu.

Daga nan sai a ɗaura jerin a jikin abin da aka riga aka auna a wani wurin. An san daga ƙasusuwan da aka tono cewa dabbobin gida, shanu da awaki da tumaki, sun shigo wannan yankin wajen shekara 8,000 da suka wuce, to duk zanen farautar da ke ƙarƙashin zanen shanu ya kai haka ko ya fi. An san raƙumi bai zama dabbar gida ba sai wajen shekara 3,000 da suka wuce, to duk inda ka ga mutum a kan raƙumi ka san ba tsohon zane ba ne sosai, duk da cewa mu a wurinmu shekara dubu biyu ma ai ba wasa ba ce. Kuma hanyar tana iya kuskure, ta taɓa yi ma. A kusa da Sakaka a yankin Jauf akwai raƙuman da aka sassaƙa girmansu kamar na gaske, ba mu kai can ba don hanyar ta yi mana nisa. Da aka fara bayyana su a 2018 an ƙiyasta shekara 2,000 saboda sun yi kama da aikin Nabaɗawa, mutanen da suka fafe tsohon birnin Batra ta Jodan a dutse. A 2021 da aka sake dubawa, aka ga da kayan dutse aka yi aikin ba ƙarfe ba, aka auna rufin da zaizayar dutsen da ƙasusuwan da ke wurin, sai lissafin ya koma shekara 7,000 zuwa 8,000, wato raƙuman daji ne ma ba na gida ba. Abokina ya ce to ka gani, ashe cinta suke. Ni kuma na ce masa wanda ya fito ya ce na yi kuskuren shekara dubu biyar ga hujjata, na fi yarda da shi a kan wanda bai taɓa canza magana ba. Ba mu daidaita ba har muka isa Ha'il.

Mu koma kan shanun Kawu. Saniya ba raƙumi ba ce, ba ta kwana biyu uku ba ruwa, kuma ciyawa take so ba ƙaya ba. Duk wanda ya taɓa bin shanu ya san wannan. To ka tsaya a Jubba ka juya ko'ina, tudun yashi ne ja har iyakar ganinka, me saniya za ta ci a nan? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarka. Garin Jubba a cikin kwarin wani tsohon tafki yake zaune, dutsen Ummu Sinman ya tare iskar da ke kwaso yashi shi ya sa kwarin bai cike ba, kuma har yau ruwan ƙasa ne ke riƙe da gonakin dabinon garin. Farar ƙasar gindin tafkin tana nan ana gani. Sunan dutsen ma abin dariya ne idan ka haɗa da maganar Kawu, don daga tozon raƙumi aka samo shi, wai ya yi kama da raƙumi a gurfane, ga dutse mai tozo ɗauke da shanu marasa tozo.

Dalilin ruwan kuwa ba a ƙasa yake ba, a sama yake. Duniya a juyawarta tana ɗan layi kamar katantanwar da yara ke murzawa, zagaye ɗaya na wannan layin yana ɗaukar shekara dubu ashirin da 'yan kai. Idan layin ya kawo lokacin da zafin bazara ya ƙaru a arewacin duniya, iskar damina tana samun ƙarfi ta tura ruwa can arewa fiye da inda yake tsayawa yanzu. Mu da muka taso a ƙasar Hausa mun fi kowa gane wannan, don mun san damina daga kudu take taso mana, tana isa Zariya kafin Katsina, tana isa Katsina kafin Agadas, kuma akwai inda take gajiya ta tsaya. To iyakar gajiyar ce ke matsawa. Karo na ƙarshe da ta matsa sosai shi ne tsakanin shekara 10,000 zuwa 6,000 da suka wuce, kuma ba Larabawa kaɗai ta shafa ba, Sahara gaba ɗaya ta yi kore. Lokacin ne Tafkin Chadi ya zama kamar teku. Kwalekwalen Dufuna da wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, mai tsawon mita takwas da ɗoriya, shekararsa wajen 8,000, sa'an zanen Shuwaimis ne. Raƙuman dawan Dabus da ke sassaƙe a dutse a arewacin Agadas, babban ya haura mita biyar, su ma 'ya'yan wannan koren zamanin ne. Ni wannan ne ya fi taɓa ni a duk tafiyar, na bar gida na zo wata nahiya ina kallon abin da na ɗauka tarihin wasu ne, ashe damina ɗaya ce ta shayar da mu duka kuma tare ta janye mana.

Sai dai a nan mutane ke cakuɗa abu biyu, musamman a bidiyoyin da ake turawa a WhatsApp. Za ka ji an ce an samu giwa da dorina a Nufud, sai a haɗa da zanen a ce masu zanen sun zauna da dorina. A'a. Koren ba sau ɗaya ya zo ba, ya sha zuwa yana komawa. Sawun mutane guda bakwai da aka samu tare da sawun giwaye da raƙuma a busasshen tafkin Al'asar, wanda aka sanar a 2020, shekararsu wajen 120,000. Ƙashin yatsan mutum da aka samu a Wusɗa ya haura shekara 85,000, a wurin ne aka samu ƙasusuwan dorina. Tsakanin waɗannan da masu zanen shanu akwai tazarar da ta ninka tazarar da ke tsakaninmu da masu zanen sau goma. Koren da masu zanen suka gani ya fi rauni, a arewacin nan ba daji ne mai duhuwa ba, fili ne na ciyawa da tafkuna nan da can, ka ɗauka kamar sahel a shekarar da damina ta yi kyau.

Tozon fa? Shanun da muka saba da su, bunaji da rahaji da gudali, masu tozo, asalin kakanninsu daga yankin Indiya ne, kuma sun bazu ne daga baya. Shanun farko da aka fara kiwo a Gabas ta Tsakiya da Afirka ba su da tozo. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya yi shiru, can ya ce ai kuwa na dutsen Birnin Kudu ma haka suke. Ya taɓa shiga Dutsen Habude yana saurayi, ya ga shanun da aka zana a jikin dutsen, ya ce a lokacin sun ɗauka mai zanen ne bai iya ba. Na Birnin Kudu fenti ne kuma ba su kai waɗannan tsufa ba, amma su ma shanu ne marasa tozo, wasu dogon ƙaho wasu gajere irin muturu. Mutumin da ya bar Jigawa shekara arba'in sai a Nufud aka warware masa abin da ya gani a garinsu.

Karnukan Shuwaimis kuwa sai da muka daɗe a gabansu. An ƙirga karnuka wajen 350 a wuraren biyu, kunne a tsaye, baki gajere, wutsiya a naɗe sama, kai ka rantse karen farautar ƙauyenmu ne. Akwai wani zane na maharbi ya ja baka, karnuka 13 kewaye da shi, biyu daga ciki an ja layi daga wuyansu zuwa ƙugunsa. Binciken da ya fito a 2017 ya ce mai yiwuwa wannan ne hoto mafi tsufa a duniya na kare a ɗaure da igiya. Wasu sun ce layin zai iya zama alama ce kawai ta cewa karen nasa ne. Mai motarmu wanda ya yi yawon farauta a Bauchi yana yaro ya ce shi bai ga abin musu ba, sabon kare ko mai tsananin jin ƙanshi ai a ƙugu ake ɗaure shi don hannu biyu na kan baka. Na fi karkata wajensa. Abin da ake farautar ma an zana, akuyar dutse mai ƙaho kamar lauje, barewa, mariri, jimina, jakin dawa, har zaki da damisa. Wani bincike na 2018 ya gano har da wani ɗan uwan gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho wanda yau sai a gabashin Afirka ake ganinsa, ba a taɓa sanin ya zauna a nan ba sai da dutse ya faɗa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba don an yi ta a motar kuma na san za a yi min ita. Shin ya halatta ma a je kallon irin wannan? A Ula Kawu ya ƙi shiga Hijir, wato Mada'in Salih, ya zauna a gari ya jira, saboda hadisin da Annabi (SAW) ya ratsa wurin a hanyar Tabuka ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai da kuka. Ban ja da shi ba, ni ba malami ba ne kuma malamai sun yi maganganu a kai. Abin da zan iya cewa ta fuskar tarihi shi ne kaburbura 111 da aka fafe a duwatsun wurin na Nabaɗawa ne, shekararsu wajen 2,000, kuma rubutun da ake kira Samudanci da ke warwatse a duwatsun Jubba Turawan bincike ne suka laƙaba masa sunan, ba wai an tabbatar mutanen Annabi Salihu ne suka rubuta ba, yawanci ma sunaye ne da gaisuwa da "wane ɗan wane ya zana raƙumin nan". Kuma ba zan ɓoye ba, wani abin a cikin kayan mutanen da ɗin akwai ƙanshin bauta. Dogayen ginin duwatsu masu kusurwa huɗu da ake kira mustaɗil, sun fi dubu tsakanin Ula da Khaibar da kewaye, shekararsu wajen 7,000, da aka tona wasu an samu ƙahoni da ƙoƙon kan shanu an jera a wuri ɗaya, abin ya yi kama da yanka. Amma Jubba ba Hijir ba ce, kuma Kawu da kansa ne ya janyo hadisin da ke cikin Muslim cewa alƙiyama ba za ta tsaya ba sai ƙasar Larabawa ta koma makiyaya da ƙoramu, ya ce kalmar "ta koma" ce ta daɗe tana ba shi mamaki. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban ƙara masa ba.

To dabbobin da muka gani da idonmu fa, a tafiyar da ta haura kilomita dubu ɗaya da ɗari biyar? Raƙuma, raƙuma, sai kuma raƙuma, kowanne da lalas ɗin mai shi a cinya ko wuya, irin alamomin da Larabawa ke kira wasmi waɗanda su ma suna nan birjik a duwatsun, kuma saboda su ne ba a son tuƙin dare a ƙananan hanyoyin da ba shinge. Yanyawa ɗaya da fitilar mota ta haska. Tsuntsaye. Damo bai fito ba don sanyi. Shi kenan. Dutse cike da namun daji, fili wayam.

Da sauƙi mutum ya ce ai ruwa ne ya janye shi ya sa, kuma nan ne nake ganin ake yi wa kai ƙarya. Janyewar ruwa shanu ta kora da dabbobin da ba sa haƙuri da ƙishi. Amma mariri da barewa da jimina da akuyar dutse da damisa ai 'yan hamada ne, sun zauna shekara dubu biyar bayan bushewar, waƙoƙin Larabawan jahiliyya cike suke da su, idon mace ma da na mariri ake kwatanta shi. Abin da fari bai yi ba a shekara dubu biyar bindiga da mota sun yi shi a shekara hamsin. Da mai farauta sai ya bi sawu a ƙafa ko a raƙumi kwana da kwanaki ya samu ɗaya, da mota ta shigo sai a bi garke a guje har ya faɗi. Jiminar Larabawa ta ƙare ƙaf a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ɓawon ƙwanta kawai ake tsinta a yashi. Mariri na ƙarshe a daji an kashe shi a Oman a 1972. Abin da ya cece shi shi ne tun 1962 an kama wasu 'yan kaɗan, aka haɗa da kyautar da Sarki Sa'ud ya bayar da ta Kuwait da ta gidan zu na Landan, guda tara jimilla, aka kai su Finiks a Amurka suka hayayyafa. An sake su a Oman a 1982, a nan kuma aka saka su a gandun dajin Mahazat Assaid gabas da Ɗa'if wanda aka kewaye da waya, sannan a 1995 aka sake su a Uruƙ Bani Ma'arid a bakin hamadar Rub'ul Khali, wurin da ya shiga jerin UNESCO a 2023. A 2011 aka sauke mariri daga matakin dabbar da ke dab da ƙarewa, karo na farko da dabbar da ta taɓa ɓacewa a daji ta dawo haka. Jimina kuwa tunda tasu ta tafi ba dawowa, sai aka kawo 'yar uwarta mai jan wuya ta Afirka, irin ta Sudan, wato dai irin wadda ake yi wa sarakunanmu takalmi da mafici da gashinta.

Ba bindiga kaɗai ba ce. Da can makiyayi dole ya tashi idan ruwa ya ƙare, ƙasa ta huta. Da tankar ruwa da buhun sha'ir suka zo sai garke ya zauna wuri ɗaya shekara zagaye ya cinye har saiwa, ga masu saran itace don wutar kashta, wato fita shaƙatawa a hamada. Alhali ƙasar nan ta san tsarin hima, wato keɓe fili don kare ciyawarsa da itatuwansa, tun da, Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma haramin Madina da muke zaune ciki ba a farauta ba a sare itacensa. Abin da ake yi yanzu da manyan gandun daji da tara mai nauyi, wanda ya kashe damisa riyal 400,000 ne, kusan komawa ne ga wancan da sabon suna. Damisar Larabawa ma da ta rage a daji ba ta kai 200 ba, a nan sai dai a wurin kiwonta a Ɗa'if, an ware mata rana guda, 10 ga Fabrairu. Kuma idan kana son ganin abin da rashinta ya haifar ka hau hanyar Hada, birai sun cika titi suna ƙwace leda a hannun mutane, babu mai cin su, ga masu mota na jefa musu ayaba da burodi. Mutane na ɗauka yalwar namun daji ce, ni alamar ciwo nake gani.

Don haka wanda zai yi irin tafiyar nan da niyyar ganin dabbobi ya san cewa ba a bakin titi suke ba, suna cikin wuraren da aka killace irin Shar'an a Ula inda aka sake mariri da barewa da akuyar dutse, sai da izini da ɗan jagora, kuma da sassafe ko dab da magariba. Mu ba mu yi wannan shirin ba, laifinmu ne. Zanen ma haka, da tsakar rana ba ka ganin komai sai dutse, sai rana ta kwanta inuwa ta shiga ramukan. Kuma don Allah a bar shafa hannu da zuba ruwa wai don hoto ya fito, mun ga inda wani ya kafta sunansa da fenti kusa da zanen da ya girmi dalar Masar, abokina ya ce ai shi ma wane ɗan wane ne irin na Samudancin, na ce to ya je ya nemi nasa dutsen.

A Shuwaimis da za mu tafi Kawu ya koma wajen wata saniya da aka sassaƙa kusan girman maraƙi, ya tsuguna yana bin zanen jikinta da ido ba tare da ya taɓa ba. Ya ce wanda ya yi wannan ba saniya kawai ya zana ba, tasa ya zana, don ba wanda zai ɓata kwanaki yana fitar da roɗin da ke gefen ciki sai wanda ya san ta da suna. Mai mota ya danna hon don magariba ta kusa kuma akwai raƙuma a hanya, Kawu ya miƙe yana kaɗe riga ya ce da zai san sunan da ya kira ta ya ji ko za ta waiwayo.